“In na tambaye shi me ya sa, sai ya ce bai sani ba”

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai yara uku. Muna zaune a Unguwar Dosa, a gidan iyayen maigidana, tare da Hajiya mahaifiyarsa da matar wansa da nasu yaran. Damuwata yaron nan ne na fari, shekararsa 10. Yana da ƙoƙari a boko da Islamiyya, amma zuciya ta yi masa yawa. Kullum da ƙarar da za a kawo. In bai doki ƙaninsa ba, ya yi dambe da 'ya'yan wan babansa. Ɗana na biyu kuwa, mai shekara 7, ba ruwansa, shi ne ma yake shan wahalar. Makon jiya a wurin ƙwallo babban abokin na farin, ɗan maƙwabtanmu, ya faɗa masa wata magana yara suka yi dariya, sai ya ɗauki dutse ya jefe shi a goshi, sai da aka yi ɗinki. Ni na biya kuɗin magani, na je na ba uwar haƙuri, amma har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Na yi faɗa, na yi nasiha, na yi duka har da wayar caja. In na tambaye shi me ya sa, amsa ɗaya ce: “Ban sani ba.” Wani lokaci ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci, ya yi kwana biyu ba ya kula kowa. Hajiya ta ce gado ne, haka kakansa yake. Babansa yana kasuwa tun safe sai dare, in na faɗa masa sai ya ce yarinta ce. Ina tsoron ranar da yaron nan zai yi wa ɗan wani illar da kuɗi ba za su gyara ba. Yaya zan yi?

Maman yara uku, Unguwar Dosa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba ɗan maƙwabta lafiya, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya.

Zan fara da maganar da ta fi ba ki haushi, wato “ban sani ba”. Ke kina jin ta a matsayin taurin kai ko raini. Ni kuwa a duk abin da kika rubuto, ita na fi gaskatawa. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare a garin nan kafin in ajiye alli, kuma Allah kaɗai ya san yawan yaran da na tsayar a gaban tebur bayan dambe ina yi musu irin tambayar taki. Mai ƙarya da labarinsa yake zuwa a shirye, har da shaidu. Wanda ya sunkuyar da kai yana huci yana cewa bai sani ba, shi ma mamakin abin da hannunsa ya aikata yake yi.

Babban mutum in ya yi aika-aika cikin fushi, cewa yake yi “idona ne ya rufe”. To ido ba ya rufewa farat ɗaya. Akwai 'yar tazara tsakanin shigar magana kunne da kaiwar hannu ga dutse. Wani sa'in ba ta wuce ƙiftawar ido biyu ba, wani sa'in abin ya kwana uku yana taruwa. Aikin da ke gabanki shi ne ki koya wa yaron nan ya gane wannan tazarar, ya san abin da ke motsi a ransa da jikinsa tun idon yana buɗe. Koyon wannan ake yi kamar yadda ake koyon alwala, gaɓa bayan gaɓa, babba yana nunawa yaro yana kwaikwayo. Ba wanda aka haifa da shi.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sashen da ke bayan goshi, wanda ke ja wa mutum linzami ya sa shi auna abin da zai biyo baya, shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya kammala girma sai mutum ya kai wajen shekara 25. Sashen da ke kaɗa gangar haɗari kuwa, wani ɗan ƙulli can ciki da ake kira amigdala, tun yaro yana ƙarami yake aikinsa sosai. Ɗan shekara 10 ingarma ne da aka sa wa linzamin kaba. Babansa bai yi ƙarya ba da ya ce yarinta ce. Inda na saɓa da shi, yarinta ba ta warkewa don kanta in an bar ta haka. Mun san dattawa masu furfura da har yau idonsu rufewa yake yi a kan canjin naira ɗari a cikin Keke.

Yanzu duba abin da muke ba ɗa namiji a gidajenmu. In ya yi kuka, a ce namiji ba ya kuka. In ya ji tsoro, a ce rago. In ya kawo ƙara, a ce kai ne babba, yi haƙuri. In ya ji kunya ya ɓoye fuska, a ce sai ka ce mace. Ƙofa ɗaya tak muka bar masa a buɗe, fushi, don shi kaɗai ne ba ya zubar masa da girma a gaban sa'o'insa. Sai duk abin da ya taso masa, kishi ne ko tsoro ko kewa, ya bi ta nan ya fita. Ruwan sama in an toshe masa kwatoci ɗaki yake shiga, mazauna bakin Kogin Kaduna sun san wannan duk damina.

Ba na raina haƙuri, a kansa aka gina duk wani gidan yawa irin naku. Amma mutum yana haƙuri ne a kan abin da ya san ya same shi. “Yi haƙuri” da muke jefa wa yaro tun bai rufe baki ba, a kunnensa “yi mana shiru” ce.

Kin ce abokinsa ya faɗi wata magana yara suka yi dariya. Wace magana ce? Ba ki rubuto ba, kuma ina kyautata zaton ba ki ji ta ba, don jini ya ɗauke hankalin kowa. Nan ne bakin zaren. Akwai wani yaro da na koyar a aji huɗu, kusan kullum bayan tara sai ya yi faɗa, ni kuma kusan kullum sai na zane shi. Zango guda muna haka. Wata rana na sa shi ya ɗaukar mini littattafai zuwa ofis, muna tafe ba na ko kallonsa, sai ya ce, “Malama, ɗan bazawara suke ce mini.” Ashe mahaifiyarsa ta bar gidan babansa tun hutun da ya wuce, ban sani ba. Har yau in na tuna bulalar da na yi wa yaron nan raina yana ɓaci. Dutsen ɗanki ma ina ganin daga muzanta ya fito: wanda ya fi yarda da shi ne ya tozarta shi, a gaban jama'a, aka kuma yi dariya.

Hausa ba ta yi mana rowar kalmomi ba a nan. Fushi daban, haushi daban. Haushi shi ne abin da yaro ke ji in ƙaninsa ya buɗe masa jaka a karo na biyar. Takaici kuwa shi ne ya yi iya ƙoƙarinsa abin ya ƙi, ko a zalunce shi ba shi da yadda zai yi, kamar ya ci ƙwallo kowa ya gani amma mai ƙwallon ya ce ba ta shiga ba. Muzanta ita ce a sa shi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kishi shi ne ya ga kin ɗora ƙaninsa a cinya shi kin aike shi sayo kalanzir. Ga fargaba, ga kewa, ga gajiya tsagwaronta da ke sa mutum ya tsani kowa ba dalili. Yaron da duk waɗannan sunansu ɗaya a wurinsa, magani ɗaya zai riƙa yi musu, da hannu. In ya iya rarrabe su, kowanne da mafitarsa: mai jin haushi ya ɗauke jakarsa ya rataye inda ƙani ba ya kaiwa, mai takaici ya kai ƙara, wanda aka muzanta ya bari sai sun keɓe da abokin ya ce masa abin da ka yi mini ya yi mini ciwo.

Wannan ba hasashena ba ne kawai. A 2007 wani malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, Matthew Lieberman, tare da abokan aikinsa sun nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi da tsoro suna duba ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Duk sanda mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da yanayin fuskar, sai motsin amigdalar nan ya ragu, sashen nan na bayan goshi ya ƙara aiki. Manya aka gwada, amma abin da na gani a aji bai saɓa da shi ba. Yaron da ya samu ya ce “takaici nake ji” ya riga ya fara saukowa.

To yaya za ki koya masa? Abu na farko, lokaci. Kada ki nemi bayani yana huci. Akwai hadisin Sulaimanu ɗan Surad a Buhari da Muslim: mutum biyu suna zage-zage a gaban Annabi (SAW), ɗaya fuskarsa ta yi ja. Annabi ya ce ya san kalmar da in mutumin ya faɗa abin da yake ji zai tafi, wato a'uzu billahi minash shaiɗanir rajim. Da aka je aka gaya wa mutumin, cewa ya yi shi ba mahaukaci ba ne. Babban mutum ke nan, kuma maganar daga bakin Manzo ta fito, amma da yake a tsakiyar tafasa ta riske shi ba ta shiga ba. Ina ga ɗan shekara 10 da nasiharki? A lokacin zafi aikinki bai wuce ki raba su ba, ki ɗauke abin da zai ji wa wani ciwo, ki ce masa “zauna nan, za mu yi magana an jima”, da murya ƙasa-ƙasa.

Sai wuri. A gidan yawa duk shari'ar da aka yi a tsakar gida, gaban Hajiya da matar wan miji da yaranta, yaro kare kansa kawai yake yi. Ki nemi inda ba idon kowa, kuma inda ku ma ba kwa kallon juna. Ki sa shi ya raka ki Kawo cefane, ko ya taya ki tsince wake, ko ya riƙe miki fitila kina ninke kaya in an ɗauke wuta. Yara maza sun fi buɗe baki in hannu yana aiki, ido yana wani wuri.

Ki kuma ajiye “me ya sa”. Tambaya ce da ko ni aka yi mini ita bayan na yi kuskure sai in rasa ta cewa. Ki tambayi abin da yake da amsarsa. Me kuke yi kafin nan? Wa ya fara magana? Da ya faɗi haka, su wa suka yi dariya? A ina ka fara jin abin a jikinka? Wannan ta ƙarshen za ta ba shi mamaki, amma ita ce ta fi amfani. Wani zai ce ƙirjinsa ne ya yi zafi, wani ya ce wani abu ya tokare masa maƙogwaro, wani kunnuwansa, wani ya ce hannunsa ne ya dunƙule da kansa. In ya rasa, ki ba shi zaɓi: “Da suka yi dariya, haushi ka ji ko kunya?” In kin yi kuskure zai gyara miki, gyaran ma karatu ne. In ya yi shiru ki bar shi, ki ce “to, in ka tuna ka gaya mini”. Kada ki sa ran a zama ɗaya za a gama. Wata guda kuna haka kafin ki ji amsa mai tsawon jimla biyu ba abin mamaki ba ne.

Ranar da ya gano alamarsa, a ce zafin ƙirji ce, kun samu abin kamawa. Sai ku shirya tun ana zaman lafiya abin da zai yi in ta zo, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya riga ya haddace a Islamiyya ya ishe ku. Hadisin Abu Zarri a Abu Dawuda ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kwanta. A filin ƙwallo wannan yana nufin ya fita daga fili, ya je ya sha ruwa, ya wanke fuska, ya yi a'uziyya. A gida ku yi wata kalma tsakaninku, ko “Umma, ya taso”, wadda in ya faɗe ta kin san ki janye ƙaninsa, shi kuma ya fita ƙofar gida ya sha iska ba tare da an bi shi da tambaya ba. Zai ce miki in ya bar fili za a ce ya ji tsoro, kuma wannan damuwa ce ta gaske a wurin yaro, kada ki yi mata dariya. Ki tuna masa hadisin Abu Huraira, cewa gwarzo ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, gwarzo shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Ranar farko da ya dawo ya ce miki ya taso amma na fita, ki nuna masa kin ji daɗi fiye da ranar da ya ɗauko na ɗaya a aji.

Kada ki fahimce ni a kan a bar shi ya ci bulus. Jin muzanta ba laifi ba ne, jifa da dutse laifi ne babba, kuma dole ya ji wannan bambancin daga bakinki a sarari. Amma dubi yadda aka yi: ke kika biya kuɗi, ke kika je ba da haƙuri, shi kuma ya sha waya. A lissafin yaro an gama ke nan, na yi duka, an duke ni, ba bashi. Bai ga goshin abokinsa da ɗinki ba, bai tsaya gaban uwar yaron ba, ko naira bai fitar ba. Hukuncin da ke koyarwa shi ne wanda ya haɗa shi da ɓarnar da ya yi: a fasa asusunsa ya sa wani abu a kuɗin maganin, a hana shi fili mako guda, ya je da ƙafarsa ya nemi gafara.

Wayar caja kuwa, 'yar'uwa, ki ajiye ta daga yau. Tana fasa fata, tana iya samun ido. Sannan ki tambayi kanki tsakani da Allah, a ranar da kika ɗauke ta, tarbiyya kika tsara ko ke ma idonki ne ya rufe? Kunyar maƙwabta, tsoron abin da za a ce a gidan miji, kuɗin da ba ki shirya fitarwa ba, duk suka haɗu suka bi ta ƙofa ɗaya. Ba zarginki nake yi ba, na gaya miki nawa. Sai dai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ki bari ya riƙa jin ki kina kiran sunan naki: “Yau na gaji, raina a ɓace yake, bari in zauna kafin in yi magana.” In kin yi masa tsawa fiye da laifinsa, ki koma daga baya ki ce “ɗazu na yi zafi da yawa”. Girmanki ba zai ragu ba. Zai ga da idonsa cewa mutum yana iya hawa ya sauko ba tare da an fasa komai ba.

Akwai abin da na lura da shi a wasiƙarki, ki yi mini uzuri in na taɓa inda ke ciwo. Na biyun kin kira shi “ɗana”. Na farin kuwa daga farko har ƙarshe “yaron nan” ne. Na san alkunyar ɗan fari, da ita aka tashe mu: ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi gaban mutane, balle a gidan surukai. A da wannan al'adar tana da madogara, don ɗan fari yakan zama ɗan kaka ko ɗan goggo, can yake samun cinyar da uwa ta hana shi. In Hajiya ba ta ɗauke shi a haka ba, to yaron nan ba shi da cinya ko ɗaya a gidan, sai “kai ne babba”. Shi bai san sunan abin alkunya ba. Abin da yake gani shi ne ana son ƙaninsa, shi ana aikensa. Ba na ce ki karya al'ada a tsakar gida ba. A ɗaki, ke da shi, ki shafa kansa, ki kira shi da sunan da kike ɓoye masa, ki gaya masa abu ɗaya da ya yi yau da ya burge ki. Ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, ƙaramin yaro ne da ɗan tsuntsunsa ya mutu. Annabi (SAW) ya lura da damuwar a fuskarsa, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bai ga abin ya yi ƙanƙanta ba.

Shi ma “ba ruwansa” da kika ce wa ƙanin, ki sake dubawa. Ɗan shekara 7 ya san inda zai taɓa yayansa ya tashi, ya kuma san kuka zai kawo ki da gudu. In kullum mai kuka ne mai gaskiya, kin koya wa ƙarami tsokana, kin koya wa babba cewa magana ba ta da amfani. In sun yi faɗa ki ji ta bakin kowa shi kaɗai, ɗayan ya yi shiru har a gama, sannan kowa ya maimaita abin da ɗan'uwansa ya ce ya ɓata masa rai. Da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa kyauta shi kaɗai ban da sauran 'ya'yansa, Annabi cewa ya yi a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Sauraro ma rabo ne da ake adalci a kansa.

Kwana biyun da yake yi a ɗaki ba ya magana, wutar ce dai ta juya ciki. Kada a bi shi da gori ko a ce wa yake yi wa fushi. Ki ajiye masa abincinsa, ki leƙa ki ce “na san ranka a ɓace yake, ina nan in ka shirya”. Ki sa masa iyakar da addini ya sa wa kowa, gaba ba ta wuce kwana uku, kuma ko yana ciki gaisuwar Hajiya da babansa ba ta faɗuwa.

Maganar gado tana da ƙanshin gaskiya, yara ba da zuciya iri ɗaya ake haifarsu ba, wani tun a zani an san mai zafi ne. Illar ita ce a riƙa faɗa yana ji. Yaron da kullum ake ce wa haka kakanka yake zai ɗauka riga ce da aka ɗinka masa, ba cirewa. Ba sai kin yi musu da surukarki ba. Ki same ta cikin ladabi ki ce, “Hajiya, tunda ke kika zauna da marigayi, in ya hau me ke saukar da shi? Ki taya ni da jikan nan naki.” Tsohuwar da aka nemi iliminta takan koma ɓangaren mai nema. Babansa kuma kada ki tare shi da ƙara yana shigowa a gajiye. Ki roƙe shi abu ɗaya ƙarami, ya riƙa tafiya da shi sallar isha'i su dawo tare su biyu, ko sau uku a mako. Akwai maganar da ɗa namiji ba zai gaya wa uwa ba.

Ki samu ɗan littafi ki yi mako biyu kina rubuta lokacin da kowane faɗa ya faru. Yaranmu suna fita boko da sassafe, su dawo da rana tsaka, su wuce Islamiyya da la'asar, wasu har da karatun dare. Likitocin barci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a kwana. In kika ga rikicin ya fi yawa tsakanin dawowa daga boko da cin abincin rana, ko washegarin daren da ya kai sha ɗaya yana kallo, kin samu rabin maganin a kwano da katifa. Shi ma ki nuna masa littafin, ya ga da idonsa cewa yunwa tana sa shi faɗa.

In kun yi wata uku a haka abin yana ƙaruwa, ko ya fara ɗaukar wuƙa, ko yana azabtar da dabbobi, ko yana ji wa kansa ciwo, ko ya ce gara ya mutu, kada ki jira. Ki kai shi wurin likitan yara a asibitin Barau Dikko, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Zuwa can ba ya nufin hauka. Haka kuma in zafin nan sabo ne, da ba haka yake ba, ki bincika a hankali ko wani babba ko wani yaro da ya girme shi yana cutar da shi a ɓoye.

Saura maƙwabciyarki. Mu da muka ga rikicin da ya faru a garin nan na Kaduna a 2000 ba ma wasa da tsamin da ke tsakanin gida da gida, kuma faɗan yara in manya suka karɓe shi ya fi ƙarfin yaran. Su da kika gani, ƙila kafin a warware ɗinkin sun koma buga ƙwallonsu, ku ne za ku shekara kuna gaisuwar sama-sama. A makon nan ki gaya wa ɗanki tun da safe cewa da yamma za ku je, don ya shirya abin da zai ce. Ya sayi lemo ko ayaba da kuɗin asusunsa, ya riƙe da hannunsa. In kun shiga kun gaisa, ki ce wa uwar yaron ga shi ya zo da bakinsa, sannan ki yi shiru. Zai daɗe yana kallon ƙasa. Kada ki karɓe masa maganar, ko da shirun ya yi miki nauyi. In uwar ta yi faɗa ki bari ta fitar da nata, ɗanta ne aka fasa wa goshi. Kada ki tayar da zancen wa ya fara a ranar.

A hanyar dawowa, in bai riga ya gaya miki ba, sai ki tambaye shi maganar da aka faɗa masa a filin ƙwallo.